Frankie Knuckles: Mutumin Da Ya Kafa Kasuwa Da Kayan Da Aka Zubar

Yau filinmu na tarihin mashahuran mutane zai yi tafiya mai nisa, har birnin Shikago na ƙasar Amurka, domin mu waiwayi rayuwar wani baƙar fata mai suna Frankie Knuckles, wanda ya rasu a shekarar 2014. Mai yiwuwa da yawa daga cikinmu ba su taɓa jin sunansa ba, amma da wuya a samu wanda bai taɓa jin jikokin kiɗan da ya raina ba, ko a rediyo, ko a wayar salula, ko a wurin buki inda aka kafa manyan lasifikoki.

Shi dai Frankie ba da murya ya yi suna ba, ba kuma da kaɗa ganga ko garaya ba. Sana'arsa ita ce sa faifai, wato aikin da yau ake kira DJ: mutum ya tsaya gaban garmaho biyu, ya zaɓi waƙoƙin wasu, ya riƙa haɗa ƙarshen wannan da farkon waccan ba tare da kiɗa ya yanke ba, har gari ya waye. Abin da ya sa muka zaɓo shi kuwa shi ne, ya kafa kasuwarsa ne da hajar da manyan kamfanoni suka ce ta mutu, kuma labarinsa yana nuna yadda suna ke zuwa gidan wani, riba ta sauka gidan wani.

Haihuwarsa da tasowarsa

An haife shi ran 18 ga watan Janairu na shekarar 1955 a unguwar Bronx ta birnin Niu Yok, kuma sunansa na yanka Francis Warren Nicholls. Tun yana yaro hannunsa ya faɗa kan zane, shi ya sa da ya taso ya shiga makarantar koyon ɗinki da tsara tufafi da ake kira Fashion Institute of Technology, inda ya karanci zanen yadi, irin aikin masu tsara adon da muke gani a jikin atamfa. Da abin ya tafi yadda aka tsara, da a cikin ƴan yadi zai ƙare.

To amma yana da wani aboki tun na samartaka mai suna Larry Levan, wanda ya girme shi da ƴan watanni. Su biyun ba su da abin so kamar yawon gidajen rawa na birnin. A farkon shekarun 1970 sun riƙa zuwa wani wuri da ake kira The Loft, gidan wani mutum mai suna David Mancuso, wanda yake tara jama'a a ɗakinsa yana sa musu faya-fayai. Wannan Mancuso ɗin ne ya tsinci faifan Soul Makossa na Manu Dibango, mai busa ɗan ƙasar Kamaru, a wani ƙaramin shago a Brooklyn, ya yi ta sa shi har waƙar ta bazu a Amurka a 1973. Ke nan tun daga tushe akwai hannun Afirka a cikin kiɗan da samarin nan suka tashi da shi, wanda daga baya aka kira disko.

Aikinsu na farko a wannan harka aikin yaron shago ne. Wani DJ mai suna Nicky Siano ya ɗauke su a gidan rawarsa, The Gallery, suna hura balam-balam, suna ƙawata ɗaki, suna shirya abin ci kafin baƙi su iso. A nan suka riƙa kallon hannun maigida. Daga baya Larry ya samu aikin sa faifai a wani wurin shaƙatawa na maza da ke ƙarƙashin otel ɗin Ansonia, mai suna Continental Baths, shi kuma Frankie yana kula da fitilu, yana karɓarsa in ya gaji. Da Larry ya bar wurin sai aikin ya dawo hannunsa.

Tafiya Shikago

A shekarar 1977 wani mutum mai suna Robert Williams ya kama hayar wani tsohon gini na masana'anta mai hawa 3 a lamba 206 kan titin South Jefferson a Shikago, a wata unguwa ta mangazoji wadda da magariba ta yi ba ka ganin kowa. Yana son ya buɗe gidan rawa irin na Niu Yok. Larry Levan ya fara nema, amma shi Larry ya riga ya ɗaura niyyar wani sabon wuri a garinsu, wanda ya zama Paradise Garage, don haka ya nuna masa abokinsa. Haka Frankie ya tattara kayansa yana ɗan shekara 22, ya bar garin haihuwarsa ya tafi Shikago.

Wurin ya yi suna da The Warehouse, wanda ma'anarsa da Ingilishi ita ce mangaza, ko sito, inda ake ajiye kaya. Ba a sayar da giya a ciki, sai ruwa da lemo, kuma saboda haka dokar da ta ƙayyade lokacin rufe mashaya ba ta hau kansa ba. Akan fara da tsakar daren Asabar, a yi ta yi har rana ta take ran Lahadi. Ba kowa ke shiga ba sai mai katin zama ɗan gida ko wanda ɗan gida ya kawo. Mafi yawan masu zuwa da farko baƙaƙen fata ne da ƴan asalin ƙasashen Latin Amurka, akasarinsu maza masu neman maza ƴan uwansu, kuma shi ma Frankie bai ɓoye cewa yana cikinsu ba. Mutane ne waɗanda manyan gidajen rawa na birnin ba su yin maraba da su a lokacin, ga bambancin launin fata ga tsangwama. Waɗannan su ne abokan cinikinsa na farko, kuma ya san su kamar yunwar cikinsa: ya san lokacin da suka gaji, ya san lokacin da suke son muryar mace mai ƙarfi irin ta mawaƙan coci, ya san lokacin da zai kashe fitilu ya bar sauti kaɗai.

Daren da aka fasa faya-fayai

Ana cikin haka sai kasuwar disko ta rushe. Bayan fitowar fim ɗin Saturday Night Fever a 1977, kamfanoni sun yi ta zuba faya-fayan disko a kasuwa, mai kyau da maras kyau, har abin ya gundiri jama'a. Wani mai gabatar da shiri a rediyon Shikago, Steve Dahl, ya ɗauki gaba da wannan kiɗa. Ran 12 ga watan Yuli na 1979 aka shirya wani taro a filin wasa na Comiskey Park, inda ƙungiyar White Sox ta birnin za ta kara sau biyu da Tigers ta Detroit a wasan besbol, wani wasan ƙwallo da ake bugawa da sanda. Aka ce duk wanda ya zo da faifan disko zai shiga da santi 98, wato ƙasa da dalar Amurka ɗaya (ba dala irin tamu ta sefa biyar ba). Mutane wajen 50,000 suka yi cincirindo. Tsakanin wasa na farko da na biyu aka tara faya-fayan cikin wani babban akwati a tsakiyar fili aka tashe su da nakiya. Matasa suka ɓarke cikin filin, aka yi ɓarna, har wasa na biyu bai yiwu ba, aka ba baƙi nasara.

Wani saurayi baƙar fata mai suna Vince Lawrence, wanda yake aikin nuna wa ƴan kallo wurin zama a daren, ya sha bayyana daga baya cewa da yawa daga cikin faya-fayan da aka kawo ba na disko ba ne, na mawaƙa baƙaƙen fata ne kawai. Ku riƙe sunansa, za mu sake haɗuwa da shi.

Bayan wannan dare gidajen rediyo suka juya wa disko baya, manyan kamfanoni suka rage buga shi, wasu suka rufe sashensa baki ɗaya. Ga Frankie wannan ba ƙaramar matsala ba ce. Kamar mai shago ne da masu saye suka cika ƙofarsa, amma dilan da ke kawo masa kaya ya ce an daina yin irinsu.

Aikin tela a kan kiɗa

Maimakon ya canza haja, sai ya koma kan tsofaffin da ke hannunsa, musamman na kamfanonin Philadelphia International da Salsoul. Shi da wani abokinsa mai ilimin sauti, Erasmo Rivera, suka riƙa kwafe waƙa daga faifai zuwa kan zaren ɗaukar sauti mai manyan ƙafafu, babban yayan zaren kaset da muka sani. Sai su sa reza su yanke zaren, su fid da inda kiɗa ya yi sanyi, su maimaita inda ya fi tada jama'a, su tsawaita wurin ganga, sannan su liƙe. Waƙar da kowa ya haddace sai ta fito kamar sabuwa, kuma babu inda za ka ji ta haka sai a Warehouse. Duk wanda ya ga yadda tela gwani ke karɓar rigar gwanjo ya farke ta ya sake yanka ta daidai jikin mai ita, ya fahimci abin da ɗalibin zanen yadin nan yake yi.

Ya kuma nemi kaya daga wata hanya. A Turai ba a daina kiɗan rawa ba, don haka ya riƙa sayen faya-fayan da ake shigowa da su daga Italiya da Jamus da Ingila, waɗanda aka yi da na'urori masu amfani da lantarki. Ya gauraya su da muryoyin baƙaƙen Amurka. Daga wannan gauraye ne wani sabon ɗanɗano ya fito: bugun ganga ɗaya mai nauyi da ba ya fashi, wajen sau 120 a minti ɗaya, da murya a samansa mai ratsa jiki.

Sunan kiɗan ma a kasuwa aka raɗa shi. Akwai wani shagon faya-fayai a Shikago mai suna Importes Etc., inda matasa ke zuwa suna tambayar waƙoƙin da suka ji a Warehouse. Masu shagon, da suka ga abin da ke tafiya, sai suka ware wuri suka rubuta cewa ga irin kiɗan da ake sawa a can. A bakin masu saye sunan ya gajarce, aka jefar da rabin farko aka riƙe na ƙarshe, ya zama kiɗan hawus. Akwai masu ba da wani bayanin dabam, amma wannan ne ya fi yaɗuwa. Kada mai karatu ya ruɗe, sunan bai haɗa komai da Hausa ba, kama ce kawai ta faɗa.

Ya buɗe nasa wurin

Zuwa 1982 Warehouse ta yi farin jinin da ya fi ƙarfinta. Jama'a iri-iri suka riƙa tururuwa, aka ninka kuɗin shiga, kuma ƴan gida na asali suka fara jin wurin ya fita hannunsu. A ƙarshen shekarar Frankie ya ajiye aiki ya buɗe nasa gidan rawa mai suna Power Plant. Masu ciniki suka bi shi, domin ba gini suke zuwa gani ba. Shi kuma Robert Williams ya sake wa harkarsa suna zuwa Music Box, ya ɗauko wani matashi mai zafin hannu, Ron Hardy. Gasa ta kankama tsakanin gidajen biyu: Frankie da natsuwa da tsari, Ron da ƙara da sauri. A gefe guda kuma wasu DJ biyar da ake kira Hot Mix 5 suna watsa irin wannan kiɗa a gidan rediyon WBMX tun 1981, suna kai shi kunnen yaran makaranta da ba su isa shiga gidan rawa ba.

A wannan lokaci ne wani saurayi daga Detroit, Derrick May, ya sayar wa Frankie wata na'urar ganga ƙirar kamfanin Roland na Japan, mai lamba TR-909. Ita ma wannan na'ura kayan da kasuwa ta ƙi ce. An fito da ita a 1983, makaɗa suka ce sautinta bai yi kama da gangar gaske ba, kamfanin ya daina ƙera ta bayan ɗan lokaci, ta koma ana samunta da araha a hannu na biyu. Frankie ya riƙa kunna ta a ƙarƙashin faya-fayansa don ta ƙara wa bugun nauyi. Yaran unguwa da ke rawa a gabansa suka lura cewa ashe ba sai kana da ƙungiyar makaɗa da babban ɗakin ɗaukar sauti ba, na'ura ɗaya ko biyu a ɗakin kwana sun isa. A 1984 Jesse Saunders, tare da Vince Lawrence ɗin nan na filin wasa, suka fitar da faifan On and On, wanda da yawa ke ɗauka shi ne faifan hawus na farko. Daga nan ƙofa ta buɗe.

Shi ma Frankie ya shiga shirya waƙa. An kawo masa kaset na wani matashi mai kunya da ke kiran kansa Jamie Principle, wanda ya rubuta wata waƙar soyayya mai suna Your Love. Frankie ya yi aiki a kanta, ya riƙa sa ta daga zare a Power Plant fiye da shekara guda kafin a buga ta a faifai. Masu rawa suka haddace ta, ana kwafarta daga kaset zuwa kaset a faɗin birni, alhali babu shagon da ke da ita.

Wa ya ci ribar?

A nan ne labarin ya zo inda ya kamata duk mai sana'a ya buɗe kunne. Yaran nan suna da basira, amma ba su da injin buga faifai. Mai injin shi ne wani ɗan kasuwa mai suna Larry Sherman, wanda ya mallaki masana'antar buga faya-fayai a Shikago, kuma ya kafa kamfanin Trax Records a 1984 tare da su Vince Lawrence. Don rage tsada, yakan sayi tsofaffin faya-fayan da ba a sayar ba, a narkar da su a sake bugawa, shi ya sa faya-fayan Trax suka yi suna da ƙaiƙayin sauti da tsalle tun suna sababbi. Duk da haka ana wawarsu, domin waƙoƙin da ke kansu babu irinsu. A kan Trax ne Move Your Body ta Marshall Jefferson da Can You Feel It ta Larry Heard suka fito a 1986.

Sai dai da yawa daga cikin masu waƙoƙin sun yi shekaru suna kukan cewa abin da suka samu bai wuce ɗan kuɗin hannu na rana ɗaya ba, wasu ma sun ce ko shi ba su gani ba, yayin da waƙoƙinsu ke yawo a duniya. Yawancinsu samari ne da ba su kai shekara 25 ba, ba lauya, ba mai ba da shawara, murnar ganin sunansu a kan faifai ta ishe su. Shi kansa Frankie bai fita daga wannan rikici da farar riga ba. Your Love ta fara fitowa a 1986 da sunan Jamie Principle a wani ƙaramin kamfani, amma a 1987 Trax ta fitar da ita tare da Baby Wants to Ride da sunan Frankie Knuckles a gaba, har mutane da dama suka ɗauka waƙarsa ce. Abin ya ɓata tsakaninsu na tsawon lokaci, kodayake daga baya sun shirya, har suka sake yin aiki tare a 2011.

Maganar haƙƙi kuwa ba ta mutu ba. Larry Sherman ya rasu a 2020, kuma a wannan shekarar Larry Heard da mawaƙi Robert Owens suka kai kamfanin ƙara kotu. Sai a 2022 suka karɓo ikon mallakar waƙoƙinsu, wato bayan shekara fiye da 30. Ciniki na baka da amana yana da daɗi ranar da ake ƙulla shi, amma ranar da kaya suka yi daraja, abin da aka rubuta shi ke magana.

Ingila ta karɓa, gida ya rufe

Abin mamaki, kiɗan da Amurka ba ta damu da shi ba sai ya samu kasuwa a ƙetaren teku. A 1986 waƙar Love Can't Turn Around ta Farley Jackmaster Funk ta shiga cikin 10 na farko a jerin waƙoƙin da aka fi saye a Birtaniya, sannan a watan Janairu na 1987 Jack Your Body ta Steve Silk Hurley ta hau matsayi na ɗaya. A shekarar ne aka gayyaci Frankie Landan, inda ya yi wata 4 yana sa faifai a wani gidan rawa mai suna Delirium. Kafin 1988 ta ƙare, matasan Landan da Manchester sun rungumi kiɗan hannu bibbiyu.

A gida Shikago kuwa al'amura baya suka yi. A 1987 hukumomin birnin suka kafa dokar da ta tilasta wa gidajen rawa marasa giya su riƙa rufewa da wuri kamar mashaya, kuma a 1988 gidan rediyon WBMX ya canza hannu, ya bar irin shirye-shiryensa na da. Frankie bai tsaya jiran gawon shanu ba, ya koma Niu Yok. A can ya shiga kamfanin Def Mix, wanda wata mata mai suna Judy Weinstein ta kafa tare da DJ David Morales. Wannan karon ya samu abin da ya rasa a baya: mai kula da takardu, mai tsayawa a kan farashi, shi kuma ya fuskanci aikinsa.

Aikin kuwa shi ne sake wa waƙa tufafi. Babban kamfani zai kawo waƙar shahararren mawaƙi, Frankie ya riƙe muryar, ya zubar da kiɗan, ya gina sabo da zai dace da gidan rawa, da piyano mai taushi da bugu mai nauyi. Abin da ya fara da reza saboda rashin kaya, yanzu shi ake biyansa kuɗi masu kauri ya yi. Ya taɓa waƙoƙin Michael Jackson, da Diana Ross, da Chaka Khan, da Luther Vandross, da Toni Braxton, da Whitney Houston. A 1989 ya fitar da Tears tare da wani matashi ɗan Japan, Satoshi Tomiie, da muryar Robert Owens. A 1991 kamfanin Virgin ya buga kundinsa na farko, Beyond the Mix, wanda a cikinsa The Whistle Song ta hau matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin rawa na Amurka. A bukin 1998 na kyautar Grammy, wadda ita ce mafi girma a harkar kiɗa a ƙasar, aka ƙirƙiro rukuni na masu sake shirya waƙa, kuma shi ne mutum na farko da ya karɓa.

Waɗannan shekaru na ɗaukaka sun zo da makoki. Cutar sida ta yi ɓarna sosai a cikin mutanen da suka yi rawa a gabansa tun farko. Abokan sana'arsa biyu kuma suka faɗa shan miyagun ƙwayoyi. Ron Hardy ya rasu a watan Maris na 1992 yana da shekara 33, Larry Levan ya bi shi a watan Nuwamba na wannan shekarar yana da 38. Larry, wanda ake ganin babu kamarsa a Niu Yok, sai da ta kai shi ga sayar da faya-fayansa, wato jarinsa, don biyan buƙatar ƙwaya. Frankie ya riƙe nasa.

Karramawa, ciwo da rasuwa

Daga baya ya koma Shikago da zama, kuma birnin da ya taɓa fasa faya-fayan disko ya dawo yana alfahari da shi. Ran 25 ga watan Agusta na 2004 aka ware ranar da sunansa, aka kuma raɗa wa ɓangaren titin Jefferson inda Warehouse take suna Frankie Knuckles Way. Cikin waɗanda suka taimaka aka yi haka har da wani ɗan majalisar dattawan jihar Illinois mai suna Barack Obama, shekara 4 kafin a zaɓe shi shugaban ƙasa. A 2005 aka sa sunansa a zauren tunawa da gwanayen kiɗan rawa.

Amma jiki ya riga ya fara ba da labari. A shekarar 2000 ya karye a ƙafa wajen wasan sulu a kan ƙanƙara a ƙasar Suwis, ciwon ya shiga ƙashi. Sana'arsa kuwa ta tsayuwa ce, dare guda cur, ga tafiye-tafiye daga wannan ƙasa zuwa waccan, kuma bai ba ƙafar hutun da take buƙata ba. Sai ga ciwon sukari ya zo ya tarar, wanda shi ke hana rauni warkewa. A 2008 dole ta sa likitoci suka yanke ƙafar. Wannan abin lura ne ga duk mai wuni tsaye ko zaune a rumfa yana cewa ba shi da lokacin zuwa likita: mai ciwon sukari ba ya raina ƙaramin rauni a ƙafa.

Bai ajiye aiki ba. Ya ci gaba da shirya waƙoƙi tare da tsohon abokin aikinsa Eric Kupper da sunan Director's Cut, yana kuma zagaya duniya. Ran 29 ga watan Maris na 2014 ya sa faifai a gidan rawa na Ministry of Sound a Landan. Kwana 2 bayan haka, ran 31 ga watan, ya rasu a gidansa a Shikago sakamakon ciwon sukarin, yana da shekara 59. Shugaba Obama da matarsa Michelle sun aika da takardar ta'aziyya daga fadar White House.

Abin da ya bari

Faya-fayansa wajen 5,000 an adana su a wani tsohon ginin banki da ke kudancin Shikago, Stony Island Arts Bank, wanda mai fasaha Theaster Gates ya ceto daga rushewa ya buɗe a 2015. Ita ma tsohuwar mangazar ta titin Jefferson, da aka ji tsoron sababbin masu ita za su rushe ta, majalisar birnin ta sa ta cikin gine-ginen tarihi a watan Yuni na 2023.

Kiɗan kuma ya dawo nahiyar da Soul Makossa ta fito. A farkon shekarun 1990 matasan Afirka ta Kudu suka rage wa hawus sauri suka ɗora harsunansu a kai, aka samu kwaito. Daga wannan zuriya ce amapiano ta fito, wadda mawaƙan Najeriya suka ɗauka suka ƙara yaɗawa, kuma a 2022 wani DJ ɗan Afirka ta Kudu, Black Coffee, ya ci kyautar Grammy.

Ana kiran Frankie Knuckles uban kiɗan hawus, kodayake ba shi kaɗai ya yi aikin ba, kuma ba shi ya fara buga faifansa ba. Abin da ya yi shi ne ya tsaya da masu cinikin da wasu suka raina, da hajar da wasu suka zubar, ya gyara ta da hannunsa har duniya ta zo saye. Waɗanda suka yi wannan tafiya tare da shi ba duka suka ci moriyarta ba: wasu takarda ta cinye su, wasu ƙwaya, shi kuma ciwon da bai ba lokaci ba.

Masu karatu, a nan za mu dasa aya. Sai mun sake haɗuwa a wannan fili da tarihin wani.